Mudun da Ba a Gani

Duk wanda ya taɓa awon gero a kasuwannin ƙasar Gobir ya san yadda ake yi. Mai hatsi zai cika tiya har ta yi tozo, mai saye yana tsugune yana kallo, yana ƙirgawa da baki. In an buga gindin tiyar ya lotsa, ido zai gani. In gardama ta tashi akwai sarkin kasuwa, akwai kuma maƙwabcin rumfa da za a ari tasa tiyar a gwada. Shi ya sa rigimar awo ba ta kwana a kasuwa. Ma'aunin yana tsakiya, kowa na ganinsa.

Yau kuwa akwai hajar da muke saye kusan kullum ba tare da mun taɓa ganin mudunta ba. Mu sa katin naira 500, mu yi kira biyu, mu duba mu ga saura naira 60. Mu sayi data ta wata guda, ta ƙare cikin kwana tara. A rumfar mai cajin waya a Gatawa mun sha ganin dattijo ya miƙa wayarsa ga yaron da ke sayar da kati yana cewa, "Ɗiyana, duba mani, wa ac cinye mani kuɗɗi?" Yaron ya danna, ya danna, ya ce, "Baba, wata waƙar kira ce aka sa maka, kullum ana cirewa." Dattijon bai san waƙar ba, bai nema ba, ba zai ma taɓa jin ta ba, don masu kiransa ne ke saurare. A wannan ciniki mai sayarwa shi ke riƙe da mudu, shi ke awo, shi ke rubuta lissafi, in kuma an yi jayayya lissafin nasa ne shaida. Tambayar da ke damunmu ita ce: wane nauyi ke kan wanda ya riƙe ma'auni shi kaɗai a cikin duhu?

Kada mu ɗauka wannan mudu daga sama ya faɗo. Lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, da minti ake lissafi. Ko sallama kawai ka yi ka kashe, kuɗin minti cikakke za a cire. Haka aka tafi har kamfanin Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi sahu cikin ɗan lokaci. Ashe mutane ne suka ƙera mudun, kuma suna iya gyara shi ranar da suka ga dama ko ranar da aka matsa musu.

Mu mutanen gabashin Sakkwato mun ga wannan tambaya a mafi tsananin kamanninta. A ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su rufe sabis a duk jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu labari. Kafin watan ya ƙare Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da irin wannan mataki a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Wayoyinmu suka koma fitila da rediyo. Wanda ɗansa ke cirani a Legas ya daina jin muryarsa, ya daina ganin saƙon kuɗinsa. Masu POS suka rufe. In an shiga ƙauye da dare, ba yadda za a gaya wa ƙauyen gaba su gudu. Masu hali suka nemi layukan Nijar, tunda iyakar Maraɗi na kusa, suna hawa tudu suna laluben sabis ɗin wata ƙasa. Su ma waɗanda aka yi dokar dominsu sun san hanyar tudun. A watan Oktoba aka far wa kasuwar Goronyo, aka kashe mutum sama da 40, kuma gwamnan da kansa ya nemi gwamnatin tarayya ta sake duba rufewar.

A cikin wannan masifa batun kati da data ƙaramin abu ne, har mutum zai ji kunyar ɗaga shi. Amma a ƙananan abubuwa ake gane halin abokin ciniki. Cikinmu akwai waɗanda suka sayi data ta wata guda kwana ɗaya ko biyu kafin a rufe. Da sabis ya dawo suka tarar wa'adinta ya cika tuni, agogon kamfani bai tsaya ba ko da ƙarfen sabis ya yi shiru. Cikinmu kuma akwai waɗanda suka ranci kati kafin rufewar. Da suka sa sabon kati, kafin su buɗe baki su ce salamu alaikum an cire bashin cif. Na'urar da ta tuna abin da take bin mu ita ce dai ta manta abin da muke bin ta.

Adalci ya sa mu faɗi hujjar kamfanoni, kuma hujja ce mai ƙarfi. Ba su suka zaɓi rufewa ba, umarnin hukuma ne, wanda ya ƙi bi lasisinsa na cikin haɗari. Su ma sun yi asarar ciniki. Kowane ƙarfen sabis a yankinmu da janareta yake aiki, sai an kai masa man dizal ta hanyoyin da direbobi ke tsoro, kuma ma'aikacin da zai hau ya gyara shi ma ɗan wani ne, ana iya sace shi kamar kowa. Wanda ya kawo mana sabis cikin irin wannan hali ya cancanci godiya. To idan ba laifinsu ba ne, ba kuma laifinmu ba, asarar ta wa ce?

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce a ƙasar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana karanta fiƙihun Malikiyya a zaure. Wanda ya kai babin ciniki a Risala ya haɗu da mas'alar da ake kira ja'iha. Mutum ya sayi 'ya'yan itace suna kan bishiya, ya biya, kafin ya tsinka sai fari ko ƙanƙara ko wata annoba ta lalata su. Idan abin da ya lalace ya kai kashi ɗaya bisa uku ko fiye, ana sauke wa mai saye kuɗin gwargwadon abin da ya salwanta. Mai gona bai aiko fari ba, amma ba a yarda ya riƙe kuɗin abin da bai shiga hannun mai saye ba. Malaman mazhabar ma sun lissafa rundunar yaƙi cikin annobar da ba a iya tunkuɗewa. Haka hukuncin haya yake: in ka kama ɗaki na wata guda ya rushe a rana ta biyu, ba za a ce ka biya kuɗin sauran kwanakin ba don kawai ruwan sama ne ya rushe shi.

Ba fatawa muke bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Abin da muke ɗauka daga nan shi ne hankalin da ke ƙarƙashin hukuncin. Rashin laifi yana wanke mutum daga zargi, amma ba ya halatta masa kuɗin abin da bai bayar ba. Kuma in masifa ta faɗo tsakanin mutum biyu, ba a barin ta duka a kan wanda ya fi rauni don kawai shi ne ba ya iya kai ƙara.

Za a ce ai akwai yarjejeniya, kuma mun amince da ita ranar da muka sayi layi. Gaskiya ne akwai sharuɗɗa, a rubuce da Turanci, a wani shafin intanet da sai da data ake buɗe shi. Matar da ta dangwala yatsa aka ɗauki hotonta a bakin kasuwa, da me ta amince? Magabata sun hana cinikin garari, wato cinikin abin da ba a san adadinsa ko tabbacin samuwarsa ba, kamar kifi a ruwa ko ɗan tayi a ciki, ko da kuwa mai saye ya ce ya yarda. Sun gane cewa yardar wanda bai san abin da yake saye ba rabin yarda ce. Hukuma ta tanadi lambar 622 don kai ƙorafi kyauta, da 2442 don toshe saƙonnin talla, kuma ya kamata kowa ya san su ya koya wa na kusa da shi. Sai dai wanda kukansa shi ne babu sabis, da wane sabis zai kira 622?

Akwai wani alkawarin da ya fi na kuɗi nauyi. Tun Disamba 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, kuma babban dalilin da aka ba mu shi ne tsaro. Muka bi hanyoyi masu haɗari zuwa inda ake rajista, muka yi layi cikin rana, wasu suka biya kuɗin da bai kamata a karɓa ba. A Afrilu 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. Mun biya namu kason. Amma a 2024, da aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa a hanyar dawowa daga Sakkwato, ta waya aka yi ta cinikin fansa, ta waya bidiyonsa ya zagaya duniya yana roƙon a cece shi, har ya rasu a hannunsu a watan Agusta. Allah Ya jiƙansa. Bibiyar masu laifi aikin hukumomin tsaro ne, ba na mai sayar da layi ba. Duk da haka talakan Gatawa yana da ikon tambaya: yaya tsarin da ya iya gano tsohuwar da ba ta da NIN ya rufe mata baki, ya kasa kai hannu ga masu kiran iyalai suna yanka farashin rai?

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Cikinmu akwai mai rantar kati ya karya layin ya sayi sabo, yana ganin wayo ya yi. Akwai mai sayar da layukan da aka yi wa rajista da sunan wasu. Mafi muni, akwai mai zama cikinmu a majalisa, ya tashi ya lallaɓa bayan gari ya buga waya daji. Ba kamfani ya haifi wannan ba, mu muka haife shi, kuma saboda shi aka rufe wa gari duka baki. Wanda ke neman a cika masa mudu sai ya duba nasa. Surar da ta yi wa masu tauye awo kashedi ba ta ware babban ɗan kasuwa daga ƙarami ba.

Sai dai nauyin ba ɗaya ba ne. Amana tana girma gwargwadon yadda mai ba da ita ya kasa bincike. Mai awo a gaban jama'a ido na tsare shi, mai awo a ɗaki shi kaɗai ba abin da ke tsare shi sai tsoron Allah da doka. A Janairu 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, saboda tsadar man dizal da faɗuwar naira, kuma mun biya, don mun san komai ya tashi. Abin da muke nema a madadin haka bai fi ƙarfin na'urarsu ba. Ranar da sabis ya ɗauke a gari, agogon data ya tsaya har ya dawo. Kada a cire ko sisi don wani abu sai an tambayi mai layi da harshen da yake ji ya amsa. Lissafin abin da aka ci ya zo da Hausa, da murya ga wanda ba ya karatu. Gwamnatin da ta ba da umarnin rufewa kuma ta san cewa ita ma ta ci bashin mutanen da ta rufe.

Dattijon rumfar caji bai kai ƙara ko'ina ba. Yaron ya cire masa waƙar, ya sa masa sabon kati, ya karɓi wayarsa ya ce ya bar su da Allah. Mun saba jin wannan kalma har muna ɗaukar ta alamar haƙuri, ko ta gajiya. A bakin mutanenmu kuwa ma'anarta ita ce shari'ar ba ta ƙare ba, an dai ɗaga ta zuwa gaban Wanda ma'auninsa ba ya tauyewa. Da mu ne ke riƙe da mudun, da mun gwammace mu biya dattijon nan naira ɗari biyunsa tun a nan.