Harajin Ciniki a Hannun Mai Sayarwa ta Intanet: Riba ce ko Ajiya?

A ranar 21 ga Yuni, 2018, Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci tsakanin jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, cewa jiha tana da ikon wajabta wa ɗan kasuwar da ba shi da shago ko rumbu ko yaro ko ɗaya a cikinta ya karɓi harajin ciniki daga mutanenta, ya miƙa mata. Kafin nan ana bin hukuncin Quill na 1992 ne, wanda ya sharɗanta samuwar ɗan kasuwa a jihar da jikinsa ko dukiyarsa. Dokar Dakota a lokacin ta hau kan wanda cinikinsa a jihar ya haura dala 100,000, ko ya yi ciniki 200 a shekara. Daga baya jihohi suka ɗora wa manyan kasuwannin intanet irin su Amazon da eBay da Etsy nauyin karɓar harajin a madadin masu sayarwa. Amma wanda ke tallata hajarsa da kansa, kuɗinsa na shigowa ta hanya irin ta PayPal, wadda aikinta isar da kuɗi ne kawai, to wajibin yana nan a wuyansa.

Mas'alar ta iso mu ma, domin harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020, kuma a lokacin dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓarsa. A ɗauki misalin mai sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, wadda cinikinta ya bunƙasa har harajin ya hau kanta. Ta sayar da kayan naira 10,000, ta ƙara 750, mai saye ya turo ta OPay, waya ta yi ƙara, ta duba ta ga 10,750 a dunƙule, babu wata alama da ta rarrabe haƙƙinta da haƙƙin wani, babu kuma ma'aikacin hukuma da zai leƙo ƙofarta, tun da ba ta da ƙofar da za a leƙo. A nan ne zuciya ke fara kawo hujjoji.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa, wadda kuma bai kamata a raina ta ba, ita ce shari'a ta yi kakkausan hani ga makasu, wato kuɗin da ake tatsa daga 'yan kasuwa bisa zalunci, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da ɗora wa talakawa ba tare da dalilin shari'a ba. Sai dai malamai ba su tsaya nan ba, domin Imam Gazali, da Shaɗibi na Andalus, wanda Bamalike ne, sun halatta wa shugaba adali ya ɗora wa mawadata abin da zai toshe buƙatar jama'a idan baitulmali ya ƙare, gwargwadon larura. Ko harajin zamaninmu ya cika waɗannan sharuɗɗa, wannan muhawara ce mai faɗi, kuma duk wanda ya ga asibiti babu magani, ya ga makarantar da yara ke zaune a ƙasa, yana da haƙƙin ya tambayi masu mulki da babbar murya inda kuɗin ke tafiya.

Amma ni abin da nake gani shi ne, ko da wane ɓangare ya yi rinjaye a wannan muhawara, hukuncin naira 750 ɗin nan bai canza ba, saboda ba daga aljihun mai sayarwa ta fito ba. Mai saye ne ya fitar da ita daga guminsa, da sani da sharaɗin cewa za a kai ta wani wuri ayyananne. Da an gaya masa ƙari ce a kan riba, da ya yi ciniki, ko ya nemi wata mai atamfar. Wanda aka ba kuɗi ya kai wani wuri wakili ne, abin da ke hannunsa kuwa amana ce, kuma fiƙihunmu bai yi sassauci a babin amana ba, har ma mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya karhanta yin kasuwanci da kuɗin ajiya, balle a cinye su ɗungurungum. Abin lura ne cewa dokokin jihohi da yawa na Amurka, ba tare da sun karanta Risala ba, sun isa ga ma'ana guda, domin suna ɗaukar harajin da aka riga aka karɓa a matsayin dukiyar jiha da aka ajiye a hannun ɗan kasuwa.

Wani zai ce hukuma ta ci haƙƙinsa, shi ma ramawa yake yi. Malamai sun yi saɓani a kan wanda ya samu damar ɗaukar haƙƙinsa daga dukiyar wanda ya zalunce shi, amma wannan saɓani bai shafi mas'alarmu ba, domin mai saye bai zalunci kowa ba, kuma shi ne aka yi wa ƙarya a kan rasidi. Mafi muni shi ne wanda doka ba ta ma ɗora wa karɓar harajin ba, amma ya rubuta shi a lissafi don farashinsa ya samu rigar hukuma. Wannan algus ne tsantsa. Wanda kuma ijtihadinsa ya kai shi ga cewa harajin makasu ne, to bai dace ya zama mai tattara abin da ya haramta ba, sai ya bayyana matsayinsa a fili ya ɗauki abin da doka za ta yi masa; wanda kuwa ya karɓa, ya kamata ya keɓe wa kuɗin asusu dabam tun ranar da suka shigo, kafin a saro sabon kaya da su, ya rubuta adadinsu yadda ko ajali ya riske shi magadansa za su fitar da su kafin rabon gado.