Ku Rera wa Yara Sunan Itace da Tsuntsu

Iyaye maza da iyaye mata, malaman allo da na boko, masu unguwanni da dagatai, wannan magana da ku duka nake yin ta. Waƙoƙin da kakanninmu suke rera wa yara a kan tsuntsaye da itatuwa da ruwan sama suna mutuwa a bakinmu, mu kuwa mun ɗauke su shirme ne kawai na dandali.

Ku dubi shamuwa. Duk wanda ya tashi a ƙauyen Hausa, daga Katsina zuwa Damagaram, ya san yadda yara kan ɓarke da waƙa in sun hango ta farko tana shawagi. A cikin wannan ihun akwai lissafin manomi. Shamuwa tana cin rani a can kudancin Afirka, sai wajen Afrilu ko Mayu, gab da faɗuwar damina, ta dawo ta ɗinka sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari. Da tsoho ya ji waƙar yara, ya san lokacin kai fartanya maƙera ya yi, a kuma duba iri a rumbu. Abincinta fara ne da tsutsotsin da ke cinye shuka, don haka ita ma 'yar gayya ce a gonar kowa. Yaron da ya yi mata waƙa yana ɗan shekara biyar, da wuya ka same shi yana auna ta da danƙo yana ɗan shekara goma. Ba hukuma ce ta kafa wannan doka ba, kuma ba a taɓa biyan ma'aikaci ya tsare ta ba.

Haka waƙoƙin gaɗa da 'yan mata ke yi a farin wata, da waƙoƙin da ke tsakiyar tatsuniya, inda kurciya kan tona asiri da waƙa, ko Gizo ya bi hankaki cin ɓaure a tsakiyar ruwa kwaɗayi ya kai shi ya baro. Yaro yana dariya, sunaye suna shiga kansa: kanya, ɗinya, magarya, aduwa, goruba, kaɗanya. Ya san wadda ake ci da bazara, wadda ake tara wa akuya, wadda ake jiƙa wa mai ciwon ciki. In ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, yara ne kan zaga gari suna roƙon Allah da murya ɗaya, su tashi da sanin cewa ruwa kyauta ne da ake roƙo.

Masana sun yi nasu. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyin Hausa a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya bar mana Tatsuniyoyi da Wasanni da aka karanta a firamare shekara da shekaru. Amma takarda tana adana kalma ne, ba ta riƙe karin murya da tafi, ba ta kuma mayar da itacen da aka sare.

Nan ne abin ya fi ciwo. Waƙar tana aiki ne saboda abin da take ambata yana tsaye a gaban yaron. Yau fa? Gauraka, da ake kwatanta kyawun ado da tukkunta, ta yi ƙaranci a Najeriya har ganinta ya zama labari. Ungulu da a da ke cika mahauta a kowace kasuwa ta ɓace daga garuruwa da yawa, masu neman sassan jikinta don tsubbu sun kusa ƙarar da ita. Tun 2015 aka sa irin wadda muka saba gani cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa. Kullum motoci cike da buhunan gawayi suna shiga birni, mu masu saye ba ma tambayar wane itace ne ya kwanta.

Kada wani ya ce sanin suna ba ya cika tumbi. A jihar Maraɗi, bayan farin 1984, manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wanda wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa shi: in an zo sharar gona, a bar tohon da ke fitowa daga kututture, a rage masa rassa, a raine shi. An ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Da yawansu gawo ne, mai zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi taki a gindinsa, ya ciyar da dabbobi da rani. To wa zai bar toho in bai gane shi da ganyensa ba? Wanda bai bambance gawo da sauran ƙaya ba, gatari zai sa masa.

Ga masu ganin duk waƙar yara ɓata lokaci ce, ku tace abin da ya saɓa wa shari'a ku bar saura. Hadisi ingantacce ya nuna cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi. Koya wa yaro ƙaunar wannan shuka ba ya cikin wasan banza.

Iyaye mata, waƙar da kuka ji a bayan uwayenku ku rera wa na goye. Samari masu waya, ku zauna gaban kakanninku ku naɗi muryarsu tun suna da rai, ku tambayi ma'anar kowane suna. Malamai, ku fita da ɗalibai gindin itacen a rera a can, a taɓa ɓawonsa. Gidajen rediyon Kano da Kaduna da Zinder su ware wa waɗannan waƙoƙi ko minti goma a mako. Ku kuma masu unguwanni, tsamiyar dandali da kukar bakin kasuwa amana ce a wuyanku; in mai sara ya zo da kuɗi a hannu, ku tara dattawan unguwa kafin ku ba shi amsa.