Koyar da Sana'a Farilla ce a Wuyan Jama'a: Magana ga Mutanen Allakaye da Maƙwabtansu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, ya sanar da shi saƙar sulke, ya umarci Annabi Nuhu da sassaƙa jirgi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya yi kiwo ya yi fatauci kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, malaman Musulunci sun kasa ilimi na wajibi gida biyu. Akwai wanda ya hau kan kowane baligi, kamar sanin tsarki da salla. Akwai kuma farilla ta kifaya, wadda in wasu sun ɗauke ta sauran sun huta, in kuwa kowa ya bar ta, laifi ya hau kan gari duka. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, bai tsaya ga likitanci da lissafi ba wajen misalta wannan kashi na biyu. Har noma da saƙa da ɗinki ya sa a ciki, domin rayuwa ba ta tsayuwa sai da su. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci, a Muslim kuma cewa Annabi Zakariyya masassaƙi ne. Don haka wanda ya raina maƙeri ko magini, sai ya duba da kyau ya ga wa yake rainawa.

Wannan karatu ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kabarin malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru kuma yana yankin Madawa. Ɗan Shehu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa. A ciki ya nuna cewa yana daga aikin shugaba ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya kuma raba su gari-gari gwargwadon buƙata. Ka lura da wannan na ƙarshen. Bello bai yarda a tara gwanaye a birni a bar ƙauye hannu rabbana ba.

To, mu dubi halin da muke ciki. Allakaye, a gundumar Buza, ta haɗa mutum wajen dubu 80 a ƙidayar 2012, mafi yawansu matasa. Ƙasa ce ta dutse da fako da kwazazzabai, irin ta Adar da Majiya. Da an gama girbi sai gari ya koma na mata da tsofaffi da yara: maza sun tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Kano ko Legas, wasu Kamaru, wasu sun keta sahara zuwa Libiya da Aljeriya. Ban ga laifin tafiya neman halal ba, kuma kuɗin 'yan cin rani ne ke riƙe da gidaje da yawa lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Abin da ke damuna shi ne abin da yaro ke tafiya da shi. In ya sauka Abijan ba komai hannunsa sai ƙarfi, zai ƙare a dako ko tallar shayi ko gadi. In ya sauka da sanin walda ko haɗa wutar gida, ladansa daban, mutuncinsa daban, kuma ranar da ya dawo da abinsa zai dawo.

Mutanen wannan yanki sun riga sun nuna wa duniya cewa hannunsu na ɗaukar koyo. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya tare da ƙungiyar CARE, don kare gonaki daga iska. A 1984, shekarar babban fari, aka buɗe aikin Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar FAO da hukumar abinci ta PAM, daga baya ya faɗaɗa har Buza da Abalak. An dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta dubu 34. Mafi yawan masu wannan aikin gandari mata ne, domin maza ba su nan. Su suka ɗauko duwatsu a ka daga kan tudu, suka jera su bisa layin da aka auna, suka haƙa ramukan dashe a fako mai taurin da gatari ke tsalle in an sara. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da madatsar ruwa irin ta ragar waya ya san aikin gwaninta ne: a saƙa ragar, a kafa ta kamar akwati, a jera manyan duwatsu a fuska ƙanana a ciki, a ɗaure baki da waya yadda ambaliya ba za ta kwance shi ba. An koyi duk wannan a bakin aiki. Sai dai masu ba da kuɗi sukan tafi, waya takan yi tsatsa, ƙorama takan ci gefen madatsa, waɗanda suka iya kuma suna tsufa. Ilimin da ba shi da makaranta, da masu shi ake binne shi.

Ga misalin irin makarantar da nake nufi: a Amurka akwai wasu kwalejoji na shekara biyu da ake kira kwalejojin al'umma. Ana lissafa ta garin Joliyet, a jihar Ilinoi, da aka buɗe a 1901, cikin na farkonsu, suka kuma yaɗu bayan yaƙin duniya na biyu. Sirrinsu ba wani mai zurfi ba ne: suna kusa da gida, kuɗinsu da sauƙi, ba su korar babba don ya girma, kuma sukan zauna da masu masana'antu da asibitocin yankin su tambaye su irin ma'aikatan da suke nema. Ba ginin ya kamata mu kwaikwaya ba, wannan tambayar ce.

Mu ma muna da namu tsarin. Gwamnatin Nijar ta ƙudurta cibiyar koyon sana'a, CFM, a kowace ƙaramar hukuma, da kwalejin fasaha, CET, a matakin gunduma, da cibiyar CFPT a babban birnin jiha. Akwai asusun FAFPA mai tallafa wa horo da koyon aiki a hannun masu gida. Sama da nan akwai makarantar ma'aikatan gona ta Kollo, da jami'ar Tawa da aka kafa a 2010, wadda yau ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar. Ƙarfin jami'ar Tawa ya fi karkata ga shari'a da tattalin arziki da gudanarwa da horar da malamai; mai son ilimin gini ko lantarki mai zurfi, Maraɗi ya fi nufa. Tsani dai ga shi an kafa. Amma matakinsa na ƙasa, wanda ɗan talaka zai fara takawa, shi ne ya fi rauni. Cibiyar da ke da allo da kujeru, ba wuta, ba ƙarfen gwaji, keken ɗinki ɗaya ga ɗalibai cike da ɗaki, sunan sana'a take koyarwa.

Me ya kamata a koyar? A tambayi kwari. A fadamun Tarka da Majiya albasa ce dukiya, irin nan na Galmi da ake lodinsa zuwa Gana da Kwaddibuwa. Ka ɗauki mai lambu a tsakiyar rani, albasa ta fara ƙwai, injin ban ruwa ya yi tari ya mutu. Ya ja igiya har kafaɗa ta gaji. Sai ya ɗaure injin a bayan babur ya nufi gari, bakanike ya ce a dawo jibi, kafin jibi ganye ya kwanta. Wataƙila abin da ya lalace bai wuce toshewar kafireto ba. Yaro ɗaya a ƙauyen da ya san cikin inji ya isa ya ceci wannan lambu da na maƙwabta. Haka zancen yake ga famfon sola da ke yawaita a rijiyoyi, da gyaran rudu don albasa ta daina ruɓewa kafin farashi ya tashi, da allurar dabbobi, da aunin gangaren ƙasa don tassa da rabin wata. Ga siminti ana yi a Malbaza, kusa da mu. Bai dace a rasa ƙwararren magini a Allakaye ba.

Sai kuma maganar wa za a ɗauka, da yaushe. Yawancin samarinmu ba su gama lakwal ba, da yawa allo kaɗai suka yi. In aka ce sai mai takarda da Faransanci, an rufe ƙofa ga waɗanda aka gina cibiyar dominsu. A koyar da Hausa, a yarda da ajami wajen rubuta awo da lissafi. A sa horo gajere, wata uku ko huɗu, ya fara da an kai amfanin gona gida, kafin motocin cin rani su cika. A ba 'yan mata fiye da ɗinki da saƙa, domin jikokin matan da suka gina madatsun Keita ba za su kasa haɗa sola ba. Tsofaffin gwanayen gandari kuma a kira su su koyar, a biya su, tun suna da rai. Wanda ya ƙware a garejin ubangidansa a jarraba shi a ba shi shaida, ko da bai taɓa zama aji ba.

Ina kira ga malamai 'yan'uwana da su faɗi wannan hukunci a kan mumbari kamar yadda suke faɗin hukuncin zakka, su kuma bar almajiran da suka yi nisa su je koyon aiki da hantsi. Ina kira ga hukumar gari da sarakuna su sa kayan aikin cibiya cikin kasafin kowace shekara. 'Yan Adar mazauna Abijan da Kano da Yamai, ku da kuka saba haɗa kuɗi ku gina masallaci a gida, Allah ya karɓa. A tarin bana ku ware kaso ku sayi injin walda da akwatin kayan kanikanci, ku ɗauki nauyin malami ɗaya na shekara guda, ku kuma aiko wanda zai duba ko ana amfani da su.