Don an ce maka "Allah ya kawo kasuwa"



Wani ɗalibina mai sayar da turare ya tare ni bayan Magariba, ya ce: "Malam, ni fa kasuwancin nan ya fi ƙarfina. In na faɗi kuɗi mutum ya yi shiru, gabana faɗuwa yake. Kafin ma ya taya na rage masa. In kuwa ya ajiye kwalbar ya ce Allah ya kawo kasuwa, wallahi ranar ko abinci ba ya min daɗi." Da muka yi lissafi, ashe har ya fara cin uwar kuɗi, ga bashi a hannun mutane yana jin nauyin tambaya.

Na ce masa taushin zuciyar nan ni'ima ce, irinka ba ya iya ha'inci. Kuskurenka ɗaya: an ƙi turare, kai kuma ka ɗauka kai aka ƙi.

Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta gina ciniki a kan yardar ɓangare biyu. To wace yarda ce ga wanda ba shi da ikon cewa a'a? Haƙƙinsa ne, Shari'a ta ba shi. Kai ma ai kana da naka. In an taya maka da arha, ba "albarka" kake cewa ba? Ka taɓa nufin ka tsani mutumin?

Ku duba ƙissar Jabir ɗan Abdullahi (RA) a Bukhari da Muslim. Suna kan hanyar komawa Madina, Manzon Allah (SAW) ya taya raƙuminsa da uƙiya ɗaya. Jabir ya ƙi. Subhanallah, fiyayyen halitta fa! Bai yi fushi ba, bai ɗauke kai ba, sake tayawa kawai ya yi. Jabir ya sallama, har da sharaɗin zai hau raƙumin zuwa gida. Da suka isa aka biya shi kuɗinsa, aka kuma mayar masa da raƙumin.

Na ce wa yaron nan, tun a gida ka rubuta kuɗin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba. In ka faɗi farashi, ka kama bakinka. Shirun mai saye lissafin aljihunsa yake yi. Bashin kuma, ka tura saƙo yau, da sallama, da adadin kuɗin, ba tare da doguwar ban haƙuri ba.

Ya ce na bashin nan ne zai yi masa wuya. Na ce to ciro wayarka, mu fara da mutum ɗaya.

Allah ya sanya albarka a nemanmu.