Wa Zai Ba Hanci Shaida?

Ni ba mai goyon bayan tabar wiwi ba ne. Na ga yadda ta mayar da samarin unguwarmu abin tausayi, kuma nakan so hukuma ta tashi tsaye a kanta. Amma akwai tambayar da ta daɗe tana damuna: idan ɗan sanda ya ce ya ji warin wiwi a jikinka, wannan kaɗai ya isa ya tare ka a titi ya caje ka?

A Ingila, sashe na 23 na dokar miyagun ƙwayoyi ta 1971 ya ba ɗan sanda ikon caje mutum idan yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa. A watan Yulin 2020, 'yan sandan Landan suka tare 'yan wasan tsere Bianca Williams da Ricardo dos Santos, jaririnsu na cikin mota. Aka sa musu ankwa, aka caje su, ba a samu komai ba. A 2023 kwamitin ladabtarwa ya kori 'yan sanda biyu, ya ce ƙarya suka yi da suka ce sun ji warin wiwi. A 2024 kwamitin ɗaukaka ƙara ya mayar da su bakin aiki.

Abin lura a nan, kwamiti biyu sun zauna a kan wari ɗaya, kowa ya yanke hukuncinsa daban. Wuƙa ana iya ajiye ta gaban alƙali, magana ana iya naɗar ta. Wari kuwa iska ke tafiya da shi, sai abin da mai hancin ya faɗa. Ɗan sanda mai gaskiya ba zai iya tabbatar da shi ba, wanda aka tare kuma ba zai iya ƙaryata shi ba. Hujjar da ba mai iya bincikarta tana saurin zama sanda a hannun mai son zuciya, kuma bisa kan marar gata take sauka.

Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ni dai ina ganin wari na iya sa ɗan sanda ya buɗe ido, ya yi tambaya. Amma kafin ya sa hannu a aljihun ɗan wani a bainar jama'a, ya kamata ya riƙe wani dalili da na uku zai iya gani. In babu shi, ya bar mutum ya wuce da mutuncinsa.