Hukuncin Gwajin Suga a Yatsa ga Mai Azumi

Tambaya: Ina da ciwon suga, kuma ina yin allurar insulin. Likita ya ce in riƙa huda yatsa ina auna jini ko da rana ce a Ramadan. Maƙwabciyata ta ce fitar jini yana karya azumi da alwala, shi ya sa na bari sai bayan magariba. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Malama, Allah ya ba ki lafiya. Huda yatsa don fitar da ɗigon jini ba ya karya azumi, domin ba ci ba ne, ba sha ba ne, kuma babu abin da ya isa ciki. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya yi ƙaho yana azumi, kuma malaman Malikiyya sun karhanta ƙaho ne ga wanda ake tsoron zai galabaita. Ɗigo ɗaya ba ya galabaitar da kowa. Alwala ma tana nan, don a mazhabar Malik jinin rauni ba ya warware ta. Wataƙila maƙwabciyarki ta ji maganar Hanafiyya, amma su ma jinin da ya kwarara suke nufi. Abin da ya taɓa tufafi, in bai kai faɗin dirhami ba, an yi rangwame a kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne barin gwajin da kika yi. Mai allurar insulin, ko mai shan ƙwaya irin glibenclamide, sugansa yana iya faɗuwa da rana, musamman tsakanin la'asar da faɗuwar rana. Ƙa'idar da likitocin ciwon suga suka fitar game da Ramadan ita ce a sha ruwa nan take idan na'urar awon suga ta nuna ƙasa da 70 mg/dL (3.9 mmol/L), ko sama da 300 mg/dL (16.6 mmol/L), ko aka ji rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri da rikicewar tunani. A wannan hali shan ruwa wajibi ne, ko da saura minti goma ladan ya kira salla, domin malamanmu sun wajabta shi ga wanda ke tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Ramuwa ce kawai a kanki, babu kaffara. Ayoyin azumi a suratul Baƙara sun ba marar lafiya wannan sauƙi, kuma ba na ganin tsoron Allah a ƙin karɓarsa.

Tunda hukuncin ya rataya a kan lambar da na'ura ta nuna, kyautata awon ya shiga cikin abin da ake nema gare ki. Ki wanke hannu da sabulu, ki bari ya bushe sarai. Yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro lokacin haɗa buɗa-baki yana ɗaga lambar, sai ki zaci kina lafiya alhali suganki ya yi ƙasa. Yatsa mai danshin alwala kuwa yana tsinka jinin, lambar ta sauka, ki karya azumi babu dalili. Ki huda gefen yatsa, kada ki matse shi da ƙarfi. Tsinkayen gwajin su zauna a gwangwaninsu a rufe, nesa da zafin rana da na mota, kuma a duba ranar ƙarewar aikinsu tun a kemis. Ki kuma tabbatar da wane ma'auni na'urarki take amfani da shi, don 5.5 a ɗaya daidai yake da kusan 100 a ɗayan.

Ki auna kafin sahur, da tsakar rana, da la'asar, da gab da buɗa-baki, da duk sanda jikinki ya canza. Shin azumin ma ya dace da ke? Wannan sai amintaccen likitan da ya san jikinki, ki gan shi ba tare da ɓata lokaci ba. In ya hana ki gaba ɗaya kuma ba a sa ran za ki iya ramawa, ki ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana. Mustahabbi ne a wurin Malikiyya, wajibi a wurin wasu.

Allah ne mafi sani.