Ko Za A Iya Kai Shugaba Gaban Alƙali?

Samarinmu masu karatu a Samaru sukan yi gardama a kan wannan tambaya, har ta iso cikin ekklesiyoyinmu na Sabon Gari. Ya kamata mu amsa ta, gama ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

Ga abin da dokar ƙasa ta ce. Sashe na 308 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a kama Shugaban Ƙasa, ko Gwamna, ko mataimakansu, ko a gurfanar da su, muddin suna bisa kujera. Amma a 2002 Kotun Ƙoli ta yanke cewa 'yan sanda suna iya bincike, su ajiye abin da suka samu. Majalisa kuma tana da ikon tsigewa, kamar yadda aka yi wa Gwamnanmu Balarabe Musa a Kaduna cikin 1981, ko da ya ke wannan rigimar siyasa ce. Ashe kariyar ta kujera ce. Ran da mutum ya sauka, sai ya bar ta a can.

Mu da kanmu mun gani. Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba sun sauka a 2007, aka kai su kotu. Sai a 2018 aka yanke wa kowannensu shekara 14 saboda dukiyar jama'a, daga baya aka rage, a 2022 kuma aka yi masu afuwa. Dukansu biyu masu zuwa sujada ne, Nyame ma Rabaran ne. 'Yan'uwa, wannan abin kunyarmu ne. Shekara takwas suna mulki, su wa suka faɗa masu gaskiya?

Ku tuna da Dauda. Babu alƙali a dukan Isra'ila da zai iya kiransa saboda jinin Uriya. Duk da haka Ubangiji bai jira ya sauka ba. Ya aiki Natan cikin fada, sarki yana bisa gadon sarauta, sojoji suna bakin ƙofa, annabin kuwa ya nuna masa zunubinsa fuska da fuska. Dauda ya tuba, aka gafarta masa, amma takobi bai rabu da gidansa ba. Haka Iliya ya tari Ahab cikin gonar Nabot.

Sashe na 308 ya ɗaure hannun alƙali, bai rufe bakin mai wa'azi ba. Mu ne mukan rufe bakinmu, sa'anda babban mutum ya zo bikin godiya, muka ba shi kujerar gaba, ya kuwa yi alkawarin kwanon rufi. Muna yi wa masu mulki addu'a kowace Lahadi, daidai ne. Amma muna roƙon dattawan ekklesiya, kafin su karɓi irin wannan kyauta, su zauna da mai bayarwa su tambaye shi inda kuɗin suka fito.